Rigar fata da ruwan sama ya jiƙa: yaya ake yi da ita?

Mai tambaya: Jama'a, salamu alaikum. Jaket ɗin fata ne ruwan sama ya yi wa duka, da ya bushe sai ya ƙandare kamar kwali. Masu sani, a taimaka: akwai sauran gyara?

Majemi: Wa alaikumus salam. Akwai, muddin bai fara tsattsagewa ba. Kada ka ɗora wa ruwan laifi shi kaɗai, ɗan'uwa, yawanci wajen shanya ake ɓarna. Lokacin jima ana ɗura wa fata maiƙo tsakanin zaruruwanta, shi ke sa ta laushi. In ta jiƙe, ruwan kan tafi da wani ɓangare na maiƙon yayin bushewa, in kuma aka haɗa da rana ko na'urar busar da gashi, zaruruwan su takure. Wanda zafi ya takure ba ya komawa.

In ta sake jiƙewa, ka kwashe komai daga aljihu, domin jiƙaƙƙiyar fata tana miƙewa kuma ba ta dawowa. Ka danna busasshen tawul a kai, ban da gurzawa. Ka rataye ta a hanga mai faɗin kafaɗa, a inuwa inda iska ke ratsawa, awa 24 zuwa 48. Tana dab da bushewa, da ɗan sanyi-sanyi a hannu, lokacin shafa mai ke nan.

Baduku: Malam ya gama magana kan shanya, sai dai batun mai yana son taka-tsantsan. Rigunan da yawan mai ya kashe ba su da iyaka. Man gyaran fata na ainihi za ka nema, ka lakaci kamar ƙwayar wake a tsumma mai laushi, a tsumma fa, ba a jikin rigar ba. Gwada a ɓoyayyen wuri, kamar cikin bakin hannu, ka bari ya kwana, ka ga ko launi ya yi duhu. In bai yi ba, ka bi rigar da shafawa siriri, ka fi ba gwiwar hannu da kafaɗa ƙarfi. Bayan awa ɗaya ka goge rarar. Tunda taka ta ƙandare, maimaita bayan kwana 2, kana murza ta a hankali. In ba haka ba, sau 1 ko 2 a shekara ya isa.

Man girki da man zaitun suna yin gafi su bar wari. Basilin yana danƙo yana kama ƙura. Man takalmi kuwa a kan farar rigarka ta ciki zai ƙare.

Mai wanki da guga: Ranka ya daɗe, ka manta da fata mai gashi-gashi. Ita ba a shafa mata mai sam, tabo zai yi. Buroshi mai laushi kawai, bayan ta bushe. Tabon maiƙo kuma, a kowace iri, a barbaɗa hoda ko sitaci, ya kwana, a kakkaɓe.

Majemi: Gaskiyarki, Hajiya. Ga kuma fumfuna, wadda ita ce ke biyo bayan jiƙewa in an yi gaggawar ajiyewa. A fita da rigar waje a kakkaɓe, a haɗa ruwan khal fari da ruwa daidai wa daida, a matse tsumma sosai a goge. Kada a kulle fata a leda, danshi take tarawa. Tsohon zanen gado na auduga ya fi.

Tela: Kafin ka sayi mai, Malam, duba takardar da ke jikin shafin rigar. In an rubuta PU, roba ce aka shimfiɗa a kan yadi. Irinta in ta fara ɓarewa, babu man da zai tsayar da ita. In kuma ta gaske ce ta yage, kada ka kai wa wanda zai yi ta farkewa yana sake ɗinki, domin duk hudar da allura ta yi a fata tana nan har abada.