Abin da muka tsinta a zaman Kubwa kan mutuwar aure

Ranar Asabar mun taru a ɗakin Yaya a Kubwa, da wata lauya, saboda ƙanwarmu da aurenta ya mutu.

Lauyar ta ce a fara duba irin auren. Na rajista Babbar Kotu ce ke raba shi, bisa dokar shari'ar aure ta 1970, kuma sai an nuna ya lalace ba gyara, misali: zina, ƙaurace wa gida shekara 1, ko zaman rabe shekara 2 in ɗayan bai ƙi ba, 3 ko da ya ƙi. Auren Musulunci kuwa kotun yanki ake kai shi. Mace na iya yin khul'i ta mayar da sadaki, amma in ta kawo shaidun cutarwa, alƙali na iya raba auren ba ta biya ko sisi ba. Nan ƙanwar ta ɗago kai, don an riga an ce mata ta sayar da ɗan kunnenta.

Kan yara aka fi daɗewa. A Malikiyya riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare. Ci, sutura, magani da makaranta suna wuyan uba, haka ciyarwar idda in sakin kome ne. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mazan da ke ƙwace yara don huce haushi.

Goggo ta ce, "'Yar nan, kada ki hana su ubansu." Lauyar ta ƙara da cewa a rubuta ranakun ziyara da kuɗin wata a gaban alƙali, a kuma adana rasit na makaranta da asibiti.