Cigiya: me za mu kira "overtreatment" a maganin tayirod?

Nas ɗin Agege: Salamu alaikum. Gobe bayan la'asar zan yi wa mata bayani a Islamiyyarmu kan Levothyroxine, maganin da ake ba wanda tayirod ɗinsa ba ta aiki sosai. Na maƙale a kan "overtreatment". Ba wai mutum ya zuba ƙwayoyi ya haɗiye ba ne. Abin da likita ya rubuta yake sha, maikirogiram 100 misali, amma jikinsa 75 yake buƙata. A gwajin jini sai a ga TSH, wato sinadarin da ake aunawa don sanin aikin tayirod, ya faɗi ƙasa, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, barci ya gagara. A taimaka.

Ɗan Mile 12: Wuce gona da iri. An gama.

Maman Ummi: A'a ɗan'uwa, wannan zargi ne. Tsohuwa ta ji haka sai ta ce likita ya cuce ta, ta watsar da maganin gaba ɗaya. Ni dai "magani ya fi ƙarfin jiki".

Malamin Hausa: Kafin nan, ranki ya daɗe, wace ce kuma "tayirod"? Muna da maƙoƙo tun kaka da kakanni.

Nas ɗin Agege: Malam, maƙoƙo kumburin ne. Ita halittar tana gaban wuyan kowa, mai lafiya da marar lafiya. Da yawan masu shan maganin nan wuyansu sumul.

Malamin Hausa: To ai sai a ƙirƙira. Siffarta fiffike biyu ne a jikin maƙogwaro, saboda haka na raɗa mata "malam-buɗe-littafin wuya". Na jima ina koyar da shi a aji.

Ɗan Mile 12: Wato Hajiya ta je asibitin Idi-Araba ta ce wa likita malam-buɗe-littafinta ya yi sanyi? Malam ka ji tsoron Allah.

Malamin Hausa: Matsalarku ke nan ku 'yan Legas. Rabin Hausarku Turanci, rabi Yarabanci, sannan ku yi wa mai gyara dariya.

Bazazzagi: Malam, da me kake rubuto mana wannan faɗan? Ba da waya mai intanet ba? Asibiti, likita, allura, wanne ne kakanninmu suka ƙirƙira? Kuma Hausawa sun fi shekara 100 a Agege, harshen bai mutu ba.

Malamin Hausa: Aron dole daban, aron lalaci daban.

Maman Ummi: Ku bar baiwar Allah ta samu abin da ta zo nema. Anti nas, me ya sa abin yake da haɗari haka? Surukata na sha.

Nas ɗin Agege: Tsofaffi ya fi taɓawa. In awon ya daɗe yana zarcewa, bugun zuciya kan rikice, jini ya daskare a ciki, har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Matan da haila ta ɗauke musu kuma ƙashinsu na yin rauni. Shi ya sa mai ciwon zuciya ake fara masa da kaɗan, kamar maikirogiram 25, a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8 kafin a ƙara. Kuma kada surukarki ta rage da kanta, ta koma wa likita. Da safe ake sha kafin a karya da kamar rabin awa, a kuma raba shi da ƙwayar ƙarin jini da awa 4.

Bazazzagi: Kin ma faɗi kalmar da bakinki: "awo ya zarce". Ki ce "awon magani ya zarce buƙatar jiki". Babu wanda aka ɗora wa laifi.

Ɗan Mile 12: Ya yi tsawo. Wannan jimla ce, ba kalma ba.

Malamin Hausa: "Zarcewar awo" ta isa, nahawunta daidai ne. Amma tayirod ɗin nan ban lamunta ba.

Nas ɗin Agege: Na ɗauki "zarcewar awo", na gode. Tayirod kuwa zan bar ta yadda take, don ita za su gani a takardar gwaji. Malam-buɗe-littafi zan kawo shi wajen kwatanta siffa kawai.

Malamin Hausa: Kwatance kawai? To. Ki dai faɗa musu daga wurin wa kika ji.