Man birkin motata ya koma baƙi, canzawa zan yi ko ƙari ya isa?

Baban Ummi, Yelwa:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu ilimin mota ku taimaka min. Golf 3 gareni tsohuwa, tunda na saye ta man birki sai dai in ya ragu in ƙara, toh satin da ya wuce muna dawowa daga Jos da iyali, a gangaren nan kafin Tilden Fulani naji birkin yayi laushi sai na taka sau biyu yake kamawa, da muka tsaya motar ta huce kuma sai ya dawo daidai. Na buɗe bonet naga man yayi baƙi kaman shayin da ba madara. Makanikina yace in dai baya yoyo a barshi, amma wlh hankalina bai kwanta ba, yara nake ɗauka a motar nan kullum.

Malam Abu Hanifa:
Wa alaikumussalam Baban Ummi, Allah ya ƙara tsarewa. Kar ka barshi. Man birki ba irin baƙin mai bane, shi jan ruwa yake daga iska a hankali a hankali ko da murfin a rufe yake, kuma ruwan nan shine matsalar. Man birki aji-aji ne, ana rubuta DOT da lamba a jikin robarsa, sabon DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, DOT 3 kuma daga 205 ya dawo 140. Kaga a gangare kana ta danne birki mota cike da mutane da kaya, zafin ya isa man ya tafasa ya zama tururi a cikin fayif, tururi kuwa matsuwa yake, shi yasa ƙafarka take nutsewa, da ya huce sai ya koma kaman ba abinda ya faru. Ƙari baya fitar da ruwan, tsohon yana nan kwance a wajen tayoyi yana cin ƙarfe da tsatsa. Duk shekara 2 ake so a juye shi gaba ɗaya, Golf kuma DOT 4 take sha, duba kan murfin zaka gani a rubuce. Sannan a gangare ka riƙa sauko da giya, injin ya riƙe maka motar.

Oga Sale Makaniki:
Alhaji maganar Malam haka take. Amma tsohuwar mota sai da lallami, ka tsaya a kansu lokacin aikin. A fara zuƙe tsohon man daga kofin man birkin da sirinji a zuba sabo, sannan ayi bilidin, wato wani na taka birki ana sassauta ɗan noti a bayan taya tsohon mai da iska su fita, daga tayar baya ta dama, sai baya ta hagu, gaba dama, gaba hagu, har sai man ya fito fari tas ba kumfa, kuma kar a bari kofin ya ƙafe in ba haka ba iska ta shiga an koma farko. Lita ɗaya ya isa. Abu biyu nake jin tsoro a irin motarka, na farko ɗan notin bilidin ɗin, in ya shekara da shekaru ba'a taɓa shi ba yakan kama, yaro ya sa ƙarfi ya karya shi a ciki, a fesa masa mai tun da safe a barshi ya jiƙa. Na biyu kar mai takawa ya riƙa kai birkin har ƙasa, ku sa guntun katako a ƙarƙashi, don can ƙarshen masta, wato famfon da ke tura man in ka taka birki, inda robar cikinta bata saba zuwa ba akwai tsatsa, tana gogar wajen ta yage, ka shigo canjin mai ka fita da siyan masta. In ya zuba a jikin mota a wanke da ruwa nan take, yana cin fenti.

Ɗan Wunti:
Ni roƙona kawai a daina zuba ruwan omo a birki, har yanzu wasu direbobin haya nayi in mai ya ƙare musu a hanya, rayukan mutane ne fa. Haka man giya ko man sitiyari, kumbura robobi yake sai an canza su duka. DOT 5 ma kar ka yarda a haɗa maka, shi daban ne baya gauraya da 3 ko 4. Ka siyo da kanka wanda bakinsa ke liƙe, ba ragowar da aka buɗe tun damina ba.

Baban Ummi, Yelwa:
Nagode sosai Allah ya saka da alheri, Asabar zan kaita insha Allah. Oga Sale to ragewar da man yake yi fa, tunda ban ga yana ɗiga a ƙasa ba?

Oga Sale Makaniki:
In fad, wato abinda ke matse faifan taya in an taka birki, ya cinye man yakan ɗan sauka, wannan ba komai, amma in kana yawan ƙari to akwai inda yake bi. A cire tayoyin baya a buɗe duram, wato kwanon ƙarfen birkin baya, a duba, sau da yawa a can yake tsatsafowa ya jiƙa shu ɗin birkin da ke ciki ba tare da ya taɓa ƙasa ba, ko kuma masta na zubarwa ta baya cikin sabo (servo), wato tulun ƙarfen da take ɗaure a jikinsa. A lanƙwasa robobin fayif na gaba ma a gani, in sun tsattsage a canza su ranar tunda dama za'a fitar da iska.