Jif ɗina na shan mai, kuma ko'ina ba na zuwa

Baban Ummi (Jarwal, Makka): Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a wajen masu tsofaffin jif. Land Cruiser gare ni, ƙirar 1997, injin 4.5 mai silinda shida, injekta. Duk zirga-zirgata ba ta wuce kai yara makaranta da safe, ɗauko su da azahar, sai bakala, wato kantin unguwa, da masallaci. Mafi nisa a ciki bai kai kilomita 4 ba. Amma tankin nan kamar an huda shi. Jiya kuma na zaro sandar awon baƙin mai na shinshina, warin fetur kawai take yi, kuma man ya ɗan haura alamar da aka cika shi. Injin ne ya fara gajiya, ko kuwa?

Abu Faisal (Jidda): Wa alaikumus salam. Baba, wane fetur kake sha, kore ko ja? Ka koma jan, 95, ya fi auki.

Baban Ummi: Kore, 91. Tun da na saye ta shi take sha.

Kawu Bakanike (Sana'iyya, Jidda): Wa alaikumus salam. Abu Faisal, bar wa mutum kuɗinsa. Injin motarsa, wanda ake kira 1FZ, ba mai matsi da yawa ba ne, 91 ya ishe shi. Kore riyal 2.18 ne, ja 2.33. A babban tanki mai lita 95 kusan riyal 14 ke nan zai riƙa zubarwa duk cikawa, ko taku ɗaya ba za ta ƙara masa ba. Baban Ummi, kafin mu je ko'ina, ka gaya min: idan ka isa makarantar yaran, allurar zafi a ina take tsayawa?

Baban Ummi: Can ƙasa, Kawu. Da ƙyar take ɗagawa daga C. Ko kan babban titi na hau ba ta kaiwa tsakiya. Ni da murna nake yi, ina cewa motata ba ta da zafi.

Kawu Bakanike: To, mun kama bakin zaren. Ina kyautata zaton an cire mata balf ɗin zafi, wanda yake tsakanin injin da lagireto. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin injin har sai ya kai wajen digiri 82, sannan ya buɗe ya bar shi ya zaga lagireto. Idan babu shi, tun daga tayarwa ruwa ke zagayawa, injin ba zai taɓa samun zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba. Ita kuma kwamfutar motar, muddin na'urar auna zafi tana gaya mata da sanyi, za ta ci gaba da watsa fetur fiye da kima, kamar yadda ake ja wa mai kafireta cok da asuba. Kai kuma kafin ta farga ka riga ka kashe a ƙofar makaranta.

Wannan rarar fetur ɗin ba duka yake ƙonewa ba. Wani yana bin bangon silinda ya wanke man da ke shafe a jiki, ya zurare ta gefen ringi ya faɗa cikin baƙin mai. Shi ne warin da ka ji, shi ne kuma dalilin da man ya ƙaru maimakon ya ragu. Man da fetur ya tsinka shi ba ya riƙe ƙarfe da ƙarfe yadda ya kamata.

Alhaji Mai Patrol (Riyad): Malam bakanike, a nan kam ban yarda ba. Ƙasar nan da rani zafi yana haura digiri 45. Balf ɗin nan don Turai da Japan aka yi shi. Tun zamanin Patrol mai kafireta muke cire shi, kuma ba mu ga ta kashe kowa ba. Na ga wanda balf ya maƙale masa a hanyar Dammam, mota ta tafasa, kan injin ya lanƙwashe. Wanne ya fi, ƙarin fetur ko sabon inji?

Kawu Bakanike: Ranka ya daɗe, abin da ka gani gaskiya ne, balf yana maƙalewa. Amma wanda ya shekara goma sha ba a canza ba, ko na jabu, ko wanda aka riƙa zuba wa ruwan famfo har tsatsa ta cinye shi. Maganinsa sabo na asali da ruwan lagireto mai launi. Digiri 45 ɗin da kake faɗa zafi ne a jikin ɗan Adam, a wajen inji kuwa sanyi ne, shi wajen 85 zuwa 90 yake so. Motocin da aka kawo ƙasashen Larabawa daga kamfani duk da balf ɗinsu suka zo. Motar da take tafasa da balf mai lafiya, a duba lagireto ko ya toshe, a duba kulocin fanka, a duba murfin lagireto. Cire balf rufe ciwon ne kawai.

Kuma Alhaji, kai Riyad zuwa Kharj kake yi kullum, motarka tana samun tafiyar da za ta gasu ko da balf ko babu. Shi Baban Ummi kilomita 4 ne.

Alhaji Mai Patrol: To, wannan ta ƙarshen na karɓa. Amma tawa dai ba za a mayar ba.

Ɗan Karantina: Alhaji ya saba da zamanin da ake cika tanki da canjin shayi 😂

Alhaji Mai Patrol: Yaro, ba ƙarya ka yi ba. Kafin ƙarshen 2015 lita ɗaya ta 91 halala 45 ce, ko rabin riyal ba ta kai ba. Riyal hamsin ka cika Land Cruiser har a ba ka canji. Aka mayar da ita halala 75, a farkon 2018 ta koma riyal 1.37. Yanzu tankin da riyal hamsin ke cikawa sai ka ajiye ɗari biyu da ɗoriya. A da wa yake lissafin shan mai?

Direban Tabuka: Salamu alaikum. Ni abin da zan ƙara shi ne maganar ruwa, don mu nan arewa muna ganinsa da ido. Duk litar fetur da ta ƙone tana fitar da kusan lita guda ta ruwa, a matsayin tururi. Idan inji da salansa sun yi zafi, tururin ya fice ta baya, shi ke nan. Idan da sanyi kuwa sai ya koma ruwa ya kwanta. Da hunturu a nan Tabuka, lokacin da sanyi ke sauka kusa da sifiri, ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai na motar da ba ta zuwa nesa, za ka tarar da wani farin abu mai yauƙi ya manne a cikin murfin. Mutane da yawa suna gani sai hankalinsu ya tashi, su ce gaskit ya ƙone. Sau tari ba shi ba ne, raɓa ce ta haɗu da mai. A duba ruwan lagireto, idan ba ya raguwa, a yi doguwar tafiya a sake dubawa. Salansa ma ta ciki take ruɓewa saboda ruwan nan, sai ka ga tukunyar baya ta huje alhali motar ba ta yi wata tafiya ba.

Wani abu kuma, allurar da ke gabanka zafin ruwa take nunawa. Baƙin mai ya fi ruwa jinkirin ɗaukar zafi, ballantana a injin da ke cin sama da lita 7. Allura tana iya kaiwa tsakiya man bai gama gasuwa ba.

Baban Ummi: Ikon Allah. Ni kuwa da safe nakan tayar da ita in bar ta tana sulo, wato a kunne tana tsaye, kamar kwata, ina shan shayi, wai don ta yi zafi.

Kawu Bakanike: Daina, Alhaji. A sulo inji ba ya ɗaukar kaya, don haka a hankali yake zafi, ka tsawaita lokacin da yake cikin sanyin ke nan. Tayar, ka ba ta rabin minti zuwa minti ɗaya mai ya hau sama, ka ja a hankali ba tare da taka totur da ƙarfi ba. Tafiyar ce take gasa ta.

Maman Hanif (Madina): Assalamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo maganar maza. Pajero ce a hannuna, ta maigidan ce ya bar min tun da aka ba mata izinin tuƙi a 2018. Ni inda na gano mai yana tafiya shi ne ƙofar makaranta. Sai in je da wuri don in samu wurin tsayawa, in zauna da mukayyif, wato AC, a kunne har a tashi yara. Mitar kilomita ba ta motsawa, allurar mai kuwa tana sauka. Yanzu mun haɗa kai da maƙwabciyata, mako guda ni, mako guda ita, kuma ina zuwa dab da tashi. Kawu, tambayata ita ce juyen baƙin mai. Mai banshar, wato shagon faci da juyen mai, ya rubuta min in dawo bayan kilomita 5,000, ni kuma sai in shekara ban cika su ba. In jira?

Kawu Bakanike: Hajiya, kar ki jira. Ki bi wata, ki bar kilomita. Littafin motocin nan ya ware jadawali na daban ga mai aikin wahala, kuma gajerun tafiye-tafiye, yawan sulo da hanya mai ƙura duk suna ciki. Ke kin haɗa ukun. Kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga, kuma a canza filta tare. Wanda mansa ke warin fetur irin na Baban Ummi, ni ko wata huɗu ba zan bari ya wuce ba har sai an gyara musabbabin. Awannin da kike zaune a ƙofar makaranta injin aiki yake yi, mita ce kawai ba ta rubuta ba.

Abu Faisal: Kawu, wane mai za a zuba? Mu dai 20W-50 muka taso muka tarar.

Kawu Bakanike: Injin da ya saki, yana hayaƙi yana shan mai, a ba shi 20W-50 ba laifi. Wanda yake da sauran ƙarfi kuma aikinsa tashi-kashe ne, na fi son 10W-40 ko 15W-40, don ya fi saurin isa saman inji a lokacin tayarwa, kuma a wannan lokacin ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kwalaben nan da ake cewa a zuba su wanke inji. Tsohon injin da datti ya daskare a ciki, ka narkar da shi gaba ɗaya, sai ya je ya toshe rariyar famfon mai. Juye a kai a kai ya fi.

Ɗan Karantina: Ba wanda ya tambayi Baba tayoyinsa. Baba, ba kai ne ka sa manyan tayoyin nan masu gwatso ba, da karagar ɗora kaya a sama?

Baban Ummi: Su ne, ɗan nan. Da su na saye ta. Karagar kuma tun wata fita jeji da muka yi ba a sauke ba.

Ɗan Karantina: To ai ka ji. Mota ta haura tan biyu ita kaɗai, ka ƙara mata takalman yaƙi. Kuma duk wanda ya rage iska don shiga rairayi, rabinsu mantawa suke yi su mayar. Ka auna da safe kafin taya ta yi zafi, ka bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Sannan ka tsuguna ka duba cibiyar tayoyin gaba, idan irin mai murɗawa ce ka ga ko tana kan LOCK. Idan tana kai, kana jan duk kayan gaba a banza. Mayar da ita FREE.

Direban Tabuka: Amma kar a bar ta a FREE shekara guda. Sau ɗaya a wata a kulle, a sa giyar ƙafa huɗu a kan ƙasa ko tsakuwa, a ɗan zaga don mai ya ratsa kayan gaba. Ban da kwalta.

Alhaji Mai Patrol: Ni shawarata ɗaya ce, kuma ta fi duk na bakanike. Duk Juma'a ko Asabar ka ɗebi iyali ka hau titin Jidda, kilomita saba'in da wani abu ne, ka riƙe ta a 90 zuwa 100, ku ci kifi ku dawo. Fetur da ruwan da suka taru a mai su ƙone, batir ya cika, fulogi ya wanke. Jif ba a yi shi don bakala ba.

Kawu Bakanike: Wannan kam mun haɗu, ranka ya daɗe. Sai dai kar ya ce zai hau Ɗa'if ta Hada kafin a duba masa lagireto da fanka, hawan nan ba ya yafe wa tsohuwar mota.

Abu Faisal: Ni fa har yanzu ina ganin a sayi ƙaramar Yaris ko Accent ta hannu don makaranta, a ajiye jif don tafiya.

Maman Hanif: Ɗana, ka lissafa inshora biyu, fahas, wato gwajin lafiyar mota, biyu, sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, biyu, ga wurin ajiyewa a lungunan Jarwal? Wanda ba ya yin kilomita da yawa, kuɗin man da zai rage ba zai biya motar ba sai bayan shekaru.

Baban Ummi: Hajiya ta faɗi abin da ke raina. Allah ya saka wa kowa da alheri. Kawu, me zan fara da shi?

Kawu Bakanike: Yau ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da ƙaramar mita sifiri. Idan ka sake cikawa ka raba kilomita da litar da ta shiga, mu san inda muke, don allurar mai ba abin dogaro ba ce. Ranar Asabar ka kawo ta da safe. Mu buɗe mu ga ko balf na nan, mu gwada na'urar auna zafi, mu zaro fulogi mu ga launinsu, mu duba filtar iska. Balf ɗin ka saya na asali da robarsa, ban da na tashlih, wato inda ake sayar da kayan matattun motoci. Kuma ka sauke karagar kafin ka taho.