Kibod ɗin waje ya kore na cikin waya, ina mafita?

Mansur Madina: Assalamu alaikum jama'a. Na sayi kibod na Bluetooth don rubuta bahasina a tablet, Samsung ce. Matsalar ita ce da zarar ya haɗu, kibod ɗin kan allo sai ya ɓace, ko na taɓa wurin rubutu ba ya fitowa. Ni kuma wani lokacin a kwance nake, kalma biyu kawai zan tura. Sai na kashe Bluetooth ɗin gaba ɗaya, abin kunnena ma ya yanke. Akwai dabara?

Abu Yasir: Wa alaikumus salam. Shiga saiti, General management, Physical keyboard, ka kunna Show on-screen keyboard. Khalas.

Mansur Madina: Tawa Larabci ce Malam.

Abu Yasir: To الإدارة العامة ke nan, a ciki za ka ga لوحة المفاتيح الفعلية. Amma ka tabbata kibod ɗin na haɗe lokacin da kake nema.

Alhaji Ɗanjuma Jidda: Ɗana Mansur, yi abin da Abu Yasir ya ce tun yau, kada abin da ya same ni ya same ka. Bara na sayi wani kibod mai naɗewa a wani shago, babu ko suna a jikinsa, yaron shagon ya rantse min cajinsa na kai wata. Na saba jefa shi a jakar hannu ba tare da na kashe ba. Ran nan ina tsaye a wurin wani dillalin dabino, mota cike da katan, direba na ta yi min ham, saura in tura kuɗi. Lambar sirri ta shigo, na taɓa akwatin da zan sa ta, shiru. Na sake taɓawa, shiru. Sai ga haruffa na fitowa da kansu, ggggg har layi biyu, ashe butar shayina ce ta danne shi a cikin jaka. Ni ban ma tuna da shi ba, na ɗauka an yi min kutse ne, gumi ya jiƙa min tob. Lambar ta mutu sau biyu. Bayamanen nan yana kallona kallon wanda ba shi da ko halala a asusu. Ɗan ƙaramin yaronsa ne ya karɓi wayar, ya ja sama, ya kashe Bluetooth, kibod ya fito. Ita waya tana ganin na waje ya haɗu sai ta ɗauka kana gaban tebur, ba ta san yana ƙarƙashin buta ba. Tun ranar na ba jikata shi tana wasan ofis.

Hajiya Ummu Khalid: Alhaji ai butar ce mai laifi 😂

Alhaji Ɗanjuma Jidda: Hajiya butar nan ta girmi wayar, a bar ta.

Sadiƙu Riyad: Haka na'urar karanta lambar kaya take yi a baƙalarmu, wato shagon kayan masarufi. Waya na ɗaukar ta a matsayin kibod, kana haɗa ta na allo ya gudu. Saitin nan ɗaya ne ya gyara mana.

Mansur Madina: Alhamdu lillah ya fito! Saura ɗaya, yaya ake juyawa daga Larabci zuwa boko a na wajen? Yanzu sai na taɓa allo.

Abu Yasir: A Samsung Shift da Space. Wasu wayoyin Android Ctrl da Space, iPad ma Ctrl da Space. Amma sai ka fara ƙara Larabcin cikin harsunan kibod ɗin. Kuma tunda nassi za ka yi wa wasali: Shift da Q fataha, Shift da A kasra, Shift da E damma, Shift da X sukun. Sati ɗaya hannunka zai haddace.

Malam Bashir Shari' Mansur: Duk kun yi ta Larabci, ina Hausa? Babu kibod ɗin da za ka saya a nan ka ga ƙ ko ɗ ko ɓ a jikinsa. Ni shi ya sa nake barin duka biyun a kunne. Ina bugawa a na waje, in na zo kan mai lanƙwasa in danne k a Gboard, kibod ɗin allo na Google, in riƙe, ƙ ta fito. Da wahala, amma ya fi in rubuta wa mutum ya zo da kafa alhali ƙafa nake nufi.

Sadiƙu Riyad: Malam wa ke da lokacin wannan? Kowa na ganewa ai.

Malam Bashir Shari' Mansur: Kai ne fa ka rubuta mana kwanaki an kama barayi a unguwarku, Baba Idi ya yi ta tambaya ko mabarata ake nufi.

Sadiƙu Riyad: Baba Idi ko da lanƙwasar ma sai ya tambaya 😅

Baba Idi: Ina jinku. Ni duk wannan bai dame ni ba, murya nake turawa.

Hajiya Ummu Khalid: Minti tara tara kuwa Baba.

Nura Makka: Ni dai har gobe BlackBerry nake kewa. Maɓalli a jikinta, kana tafiya cikin cunkoson Misfala kana rubutu ba ka ko kallo. Tun Janairun 2022 da suka rufe hidimar tsofaffin wayoyinsu tawa ke cikin durowa.

Abu Yasir: Mai son na kirki ya duba Logitech K380, yana riƙe na'ura uku, ka danna maɓalli ya koma wata, batir AAA biyu yake ci. In ka mai da shi kan kwamfuta, wayar ta saki, na allo ya dawo da kansa. Wanda kuma bai yarda da Bluetooth ba ya sayi ɗan OTG, wato mahaɗin USB, ya jona kibod mai igiya, kana zarewa magana ta ƙare.

Mansur Madina: Akwai mai haruffan Larabci a jiki?

Nura Makka: Duba kantin Jarir. In ba ka samu ba sitika ake mannawa, amma a zafin nan gam ɗin narkewa yake, ض tawa ta koma kan ص.

Alhaji Ɗanjuma Jidda: Wai cikinku wa zai sauka Kano makon nan? Akwai katan biyu na ajwa.

Sadiƙu Riyad: Kilo nawa Alhaji?