Riƙe yara bayan tashi daga boko a Samaru: me ya kamata in tanada?

Maman Hanif:

Assalamu alaikum. Ina da takardar NCE, akwai kuma ɗaki biyu da tsakar gida mai katanga a Samaru, Zariya, da nake son mayarwa wurin riƙe yara daga tashin boko har iyaye su taso daga aiki. Yawancin masu sha'awa ma'aikatan jami'a ne da na asibitin Shika. Yaran za su kai ashirin, daga 'yan nazare zuwa 'yan aji shida. Mutum nawa zan ɗauka? Yaya zan tsara yinin? Me ya wajaba ya kasance a ƙasa kafin yaro na farko ya shigo? Masana a taimaka, Allah ya saka.

Hajiya Hedimistires, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. 'Yata, ki fara cire wa ranki cewa lesin za ki buɗe. Amana za ki karɓa, karatu na biye ne. Abin da uwa take biya shi ne ta san a hannun wa ɗanta yake daga ƙarfe biyu har ta iso.

Yara ashirin ba aikin mutum ɗaya ba ne, ko da kuwa duk manya ne. Shawarata, 'yan firamare kada su wuce goma a hannun babba guda, 'yan nazare kada su wuce shida. Ke da mataimaka biyu ke nan. Dalili a fili yake: in ƙarami ya ɓata jikinsa aka kai shi banɗaki, ko wani ya faɗi aka fita da shi, dole a samu idon da ya rage a kan sauran. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ba ma'aikaciya ba ce, ita ma riƙo take buƙata. Duk wadda za ki ɗauka ta kawo mutum biyu da za su tsaya mata, ki je gidansu da ƙafarki, ki kuma ji ta bakin inda ta taɓa aiki.

Inda aka fi samun matsala shi ne shiga da fita. Ki sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, ki ja layi: sunan yaro, lokacin isowa, wanda ya kawo shi, lokacin tafiya, wanda ya ɗauka, sa hannu. Kowane yaro kuma ya zama yana da takarda guda ɗauke da lambar waya uku, da suna da hoton waɗanda iyaye suka yarje wa ɗaukarsa. Wanda ba ya cikin takardar ba a ba shi yaro, ko da yaron ya ruga da gudu yana kiran Kawu. Idan aka bugo aka ce yau wane ne zai zo, ki katse, ki kira lambar da ke rubuce a wurinki, ki ji da kunnenki. Wannan ya fi muhimmanci a gidan da aure ya mutu ana jayayyar riƙo: ki nemi wanda yaron ke hannunsa ya rubuta miki wa aka amince wa, wa ba a amince wa ba.

Sai tazarar da ke tsakanin makaranta da ƙofarki. Idan mai Keke Napep ne zai kwaso su, ya zama mutum ɗaya sananne, da lambar kekensa a littafinki, ba ya aiko ƙaninsa ba tare da sanarwa ba. Yaron da aka saba gani ƙarfe biyu, biyu da kwata ta yi bai iso ba, a ɗaga waya nan take. Makaranta na zaton yana wurinki, ke kina zaton bai je makaranta ba, uwa na ofis hankali kwance: a wannan ramin yaro ke ɓata. A ƙirga kawuna sau huɗu, da isowa, bayan cin abinci, bayan wasa, da kafin a buɗe ƙofar tafiya.

Ƙa'ida biyu ga ma'aikata, a rubuce: babu duka, kuma babba ba ya kulle ƙofa shi da yaro su biyu. Baƙi da samarin gida ba sa shiga ɓangaren yara. Jihar Kaduna tana da dokar kula da walwala da kare yara ta 2018, ki nemo ta ki karanta tare da mataimakanki.

Sista Nas, Wusasa:

Hajiya ta gama magana a kan tsaro, bari in ɗora da lafiya. Maman Hanif, ki zagaya gidan a durƙushe, daidai tsayin ɗan shekara uku, ki ga abin da hannunsa zai kai. Rijiya a yi mata murfi da kwaɗo. Duro da bokitin ruwa a rufe, domin ɗan ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro idan ya kifa da ka, kuma ba a jin ihu. Soket a toshe, janareta a waje nesa da taga. Kananzir, fiya-fiya da maganin ɓera a kulle, kada a taɓa zuba su a gorar lemo. In yaro ya sha kananzir ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja, aman ne ke kai shi huhu. Asibiti kai tsaye, a tafi da gorar.

A takardar kowane yaro ki tambayi sikila, asma, farfaɗiya da abincin da jikinsa ba ya so. Mai sikila a yawaita ba shi ruwa, a rufe masa jiki da hunturu, kada a tilasta masa guje-guje. Zazzaɓi a jikinsa ba abin jira ba ne, a kira iyaye a wuce asibiti. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa kullum da suna a jiki, musamman lokacin hazo, kuma a yayyafa ruwa a yi shara kafin yara su iso.

Akwatin taimakon gaggawa: ma'aunin zafin jiki, safar hannu, filasta, bandeji, auduga, almakashi, gishirin ORS na masu gudawa. Ƙunshi ɗaya na ORS a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abin da ya kai awa 24 a zubar. Zafin jiki ya kai 38, a ware yaro a kira gida. Magani kuwa, ko farasitamol ne, sai da izinin iyaye a rubuce, a kuma rubuta lokacin da aka bayar don kada a maimaita masa a gida.

Haɓo: yaro ya sunkuyar da kai gaba, a matse taushin hanci minti goma, ba a ɗaga kai sama. Ƙuna: ruwan sanyi mai gudu minti ashirin, ba man goge baki, ba ƙwai. Jijjiga: a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge shi, kada a cusa cokali a baki, a duba agogo, ta kai minti biyar, ko ita ce ta farko, a nufi asibiti. Shaƙewa ga wanda ya wuce shekara ɗaya: bugu biyar a baya tsakanin kafaɗu, matsa ciki biyar, a maimaita. Wannan ki sa ma'aikacin lafiya ya koya muku da hannu, karantawa ba ta isa.

Kowa da kofinsa. Bokiti mai famfo da sabulu a bakin banɗaki. Amai ko jini a wanke da bilic: in an rubuta 3.5% a gorar, awo ɗaya a ruwa awo shida. Mai ƙaranbau, ƙyanda, ciwon ido ko gudawa ya zauna gida. Da bazara, lokacin sanƙarau, tagogi a buɗe, kada a cunkusa su ɗaki ɗaya.

Malam na Kongo:

Game da tsarin yini, kada a tari yaro da littafi. Tun bakwai na safe yake zaune a benci, yunwa yake ji. Ya cire yunifom, ya wanke hannu, ya ci abinci, a yi Azahar. Ƙanana su kwanta a tabarma kamar minti arba'in. Aikin da aka ba su daga makaranta ya biyo baya: minti ashirin ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, arba'in ga manya. Malama ta nuna hanya, kada ta rubuta amsa, domin littafi zai cika da maki yaro kuma ya je jarrabawa hannu wofi. Bayan La'asar a sake su tsakar gida, langa, 'yar gala-gala, ƙwallo, tatsuniya.

Ki lura da Islamiyya. Da yawa suna shiga bayan La'asar, wato wasu yaran awa biyu kacal za su yi a wurinki, kuma sai an san wa zai raka su. Alhamis da Juma'a yawancin Islamiyyu ba karatu, ranakun ne gidanki zai cika har Magariba, ki tsara ma'aikata a kan haka.

Kuɗi: haɗa albashi, haya, ruwa, wuta, sabulu da kayan rubutu na wata, ki raba da yara goma sha biyar, ba ashirin ba, saboda wasu za su janye, ga kuma hutu. A biya a farkon wata. Abinci a fara da kowa ya zo da kularsa. Ki yi wa sunan wurin rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki je hukumar kula da ingancin makarantu ta jiha ki bayyana musu abin da za ki yi kafin ki kafa allo, mai unguwa ma ya sani.

Maman Hanif:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Hajiya, saura ɗaya: ma'aikatan asibiti kan makara in aiki ya riƙe su. In Magariba ta yi ba a zo ba fa?

Hajiya Hedimistires, Tudun Wada:

Ki sa lokacin rufewa a takardar yarjejeniya, misali shida, da rangwamen minti goma sha biyar, bayansa akwai ƙarin kuɗi na kowane rabin awa, wanda za ki ba ma'aikaciyar da ta tsaya. Shida da kwata a kira lamba ta farko, sannan ta biyu, sannan ta uku, shi ya sa ta ukun ta zama ta wanda ke zaune kusa, ba ɗan'uwa a Kano ba. Manya biyu su zauna da yaron, a ba shi abin taɓawa, kada a yi mitar iyayensa a gabansa. Ba a ɗora shi a acaba shi kaɗai, ba a kuma kai shi gidan ma'aikaciya. Masu aikin dare su turo miki jadawalinsu tun farkon mako, ki san ranar da wani ne zai zo a madadinsu.