Gwada ƙarfin kwamfutar tafi-da-gidanka: abin da masu gyara suka ce

Yawancinsu sun yarda cewa kafin a biya kuɗin kwamfutar da aka taɓa amfani da ita, a ɗora mata aiki mai nauyi a ga ko za ta jure. A jona caja, a ajiye ta kan tebur, don katifa tana toshe ramukan iska. Sai a buɗe manhajar HWiNFO ana kallon zafi, a kunna Cinebench, manhajar da ke ɗora wa furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) aiki mai nauyi, na minti 10 zuwa 30.

Zafin 80 zuwa 90 a ma'aunin Selshiyas ba abin tsoro ba ne ana cikin gwaji. Galibin furosesan Intel kan rage gudu da kansu idan sun kai kusan 100. Kwamfutar da ta kai nan cikin daƙiƙu kaɗan, ko ta mutu ɗif, wataƙila akwai matsala: ƙurar hunturu ta cika fanka, ko man da ke kan furosesa ya bushe.

An yi saɓani kan Prime95 da FurMark, manhajojin gwaji masu matsa wa kwamfuta iya ƙarfinta. Wasu sun ce azaba ce kawai, aikin yau da kullum ba ya kai haka, kuma ina ganin suna da gaskiya. Idan allo yana yin shuɗi ba dalili, a bar manhajar MemTest86 ta kwana tana duba RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta.